Hayaƙin da Roki Ya Koya

Kwana biyu da barinmu Bebeji, da hantsi, motarmu ta tsaya a bodar Seme, iyakar Najeriya da Benin. Ni ce da maigidana, Baban Hafsa, da jakunkuna uku. Kamfanin tsaron da yake yi wa gadi a Kano ne ya tura shi Accra, ƙasar Gana, kwas na wata shida, ya koyo aiki da karnukan da ke shinshino abin fashewa. Cikin masu gadi duka shi aka zaɓa, saboda ɗan mafarauta ne daga Doguwa, da karnuka ya tashi a daji. An kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in ya dawo da satifiket aikinsa ya tabbata, in ya dawo babu, to ana rage ma'aikata, yana cikin waɗanda za a sallama. Ni kuwa ciwon sukarinsa ne ya sa na biyo shi. Mahaifiyarsa ta ce ba ta yarda ya yi wata shida yana cin abincin titi ba. Yaranmu biyu muka bar wa Innata.

Muna sauka wani mutum mai 'yar riga irin ta ma'aikata ya tare mu da Hausa gangariya.

"Alhaji, kawo fasfo. Hajiya, kawo naki. Ku da kuke 'yan gida ai ba za ku bi layi ba."

Jin Hausa a wannan wuri ya sa Baban Hafsa ya miƙa masa ba tunani. Mutumin ya shige cikin jama'a, shiru. Direba ya yi ta danna oda, daga baya ya sa aka sauko mana da kaya ya ja motarsa. Sai da rana ta take mutumin ya ɓullo, ya ce sai an sallame shi zai ba mu. Muka ba shi abin da ya nema. Da muka buɗe fasfo ɗin, ko hatimi ɗaya babu a ciki, ashe ba ma'aikaci ba ne. Muka koma ƙarshen layi. A nan na ƙirga kaya na ga biyu ne. Ta ukun, mai garin alkama da accar da na tanadar masa saboda ciwonsa, ta tafi da motar.

Muka sami wata motar, a hanyar Kwatano na fara ganin teku. Na saba zuwa Tiga sayen kifi, na ɗauka na san ruwa, sai ga ruwan da ba shi da wancan tsallake. Ban ji daɗinsa ba. Daga nan har Lome Faransanci ake yi, Turancina na sakandare bai amfane mu da komai ba. A bodar Aflao, ta shiga Gana, jiri ya kwashi Baban Hafsa ya zauna a ƙasa. Wata mai tallar dafaffen ƙwai ta sauke tirenta, ta ɓare masa biyu, ta riƙe masa ruwa. Na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna, ta yi wata magana da yarenta ta wuce. Har yau ina saka ta a addu'a, ko sunanta ban sani ba.

A Accra muka tarar ɗakin kwanan makarantar na maza ne zalla. Wanda ya yi mana alkawarin ɗakin ma'aurata a waya, babu wanda ya san shi. Wani direban tasi ya ce mu je Nima, can Hausawa suke. A bakin wani masallaci muka haɗu da Hajiya Memuna, mai sayar da tuwo. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai daga ina?"

Na waiga ko da Baban Hafsa take, ashe da ni take. Haka Hausarsu take, mace ma kai ce.

"Daga Bebeji, Hajiya, jihar Kano."

"Kakana daga Kano ya zo da goro. Ka ci abinci? Dubi idonka. Shigo."

Ɗaki ɗaya ta ba mu a bayan gidanta, tagarsa na kallon kwata. A nan muke kwana, a nan nake girki, a nan muke salla. Abin da ya sa ɗakin ya zaunu shi ne kwalbar turaren wutan da Innata ta haɗa min da hannunta. Kullum in na gama shara sai in zuba garwashi a kasko, in kifa kwando a kai, in shimfiɗa kayan Baban Hafsa su sha hayaƙi, kamar yadda nake yi a gida tun ranar da aka kawo ni. In hayaƙin ya tashi sai in rufe ido in ga tsakar gidanmu, Hafsa na tsallen igiya.

Makarantar tana bayan gari, mota biyu yake shiga kafin ya isa. Ba ya yawan ba ni labarin aikin, don ya san ba na son kare. Malamansa kawai yakan ambata. Akwai shugabansu, Mista Mensah, tsohon soja, wanda ya yi shekaru a wata ƙasa yana bin kare a gonakin da aka binne nakiya. Akwai Baba Seidu, dattijo daga arewacin Gana, da mafarauci ne, bai taɓa shiga aji ba, amma in kare ya ɗaga kunne ya san abin da ke ransa. Sai wata mata, Madam Akosua, mai haɗa samfurin warin da ake koya wa karnukan. Ita da ba ruwanta da kare, 'ya'yan koko take tantancewa, wanda ake yin cakulan da shi, tana shinshina buhu ta ce wannan ya yi, wannan bai yi ba.

Na ce, "Mace, kuma mai shinshina buhu, ita ce malamarku?"

Ya ce, "Ke dai bari. Har Mista Mensah ba ya musu da hancinta."

Karen da aka ba shi sunansa Roki. Yadda ake koya masa, ana naɗe ƙaramin tawul a ajiye shi cikin gwangwani tare da samfurin abin fashewa har ya ɗauki warin. Sai a ɓoye, kare ya nemo, in ya samu ya zauna, a ba shi tawul ɗin ya yi wasa. Kowane ɗalibi shi ke wanke tawul ɗin karensa. Da farko Baban Hafsa da kansa yake dafa su a wata tsohuwar tukunya. A wata na biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, na ce ya bar min.

"Ruwan zafi kawai," in ji shi. "Kada ki sa sabulu, kada ki sa omo. Kin ji ko?"

"Na ji."

Kuma wallahi ban taɓa sa musu sabulu ba. Na ɗauka don kada ya ƙona wa karen baki ne. Sau bakwai nake ɗauraye su, kamar yadda aka koya mana a Islamiyya game da kwanon da kare ya lasa, don hankalina ya kwanta. Amma ko sun bushe ƙarnin yawun kare ba ya fita, ga shi a ɗakin muke salla. Sai na riƙa ɗora su a kan kwando tare da rigunansa. Ban tambaye shi ba, don ban ga abin tambaya ba. Shi ma bai ji komai ba, tunda ɗakin da jikinsa duk ƙamshin ke nan. Ya warke, na ci gaba da yi, yana ma yi min godiya.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya dawo, bai yi sallama da ƙarfi kamar kullum ba. Ya zauna bakin katifa da takalmi a ƙafarsa.

"Lafiya, Baban Hafsa? Sukarin ne?"

"An yi gwajin tsakiyar kwas."

A wata tashar mota aka yi, cikin kayan fasinjoji na gaske. An ɓoye samfurin a wani kwali. Roki ya zo kan kwalin ya shinshina ya wuce abinsa, ya je gaban akwatin wata mata ya zauna daram. A ƙa'idarsu in kare ya zauna, kowa ya ja baya. Mutanen tasha suka ji an ce a ja baya, sai gudu, aka tattake kayan masu talla, matar ta zube tana kuka tana rantsuwa. Da aka buɗe akwatin, atamfa ce da leshi.

"Mista Mensah ya ce ko dai ni nake ba kare alama da igiya, ko na yi wasa da samfurin. Ya ce ran Litinin zai rubuta wa kamfani, in tattara kayana. Roki kuma za a cire shi daga aiki." Ya murza fuskarsa. "Ni ban san me na yi ba. Tun ina yaro ban taɓa lalata kare ba."

"Matar 'yar ina ce?"

"Bahaushiya ce, ta nan Nima. Wai kayan lefen ɗanta ne."

Na san abin da ake yi wa kayan lefe kafin a rufe akwati.

"Akwatin yana ƙamshi?"

"Sosai ma. Kamar ɗakin nan." Ya faɗa ne kawai, hankalinsa na wani wuri.

Na kalli kwandon da ke kusurwa. Tawul huɗu na kansa a lokacin, suna shan hayaƙi.

Ban iya faɗa masa a ranar ba. Na yi girki ban san me na zuba ba. Zuciyata na ce min in na yi shiru babu mai sani har abada, za mu koma gida a ce kare ne bai yi kyau ba. Amma takardar da za a rubuta ba za ta ce haka ba, cewa za ta yi mijina maha'inci ne. Mutumin da ko ƙwayar shinkafar wani ba ya ɗauka a kasuwar Tudun Wada.

Washegari bayan azahar na durƙusa gabansa na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallon kwandon.

"Tun yaushe?"

"Tun zazzaɓinka."

"Sati bakwai." Ya tashi ya je bakin taga ya dawo. "Inna lillahi. Sati bakwai ina koya masa turaren Inna."

"Ka ce kada in sa sabulu, ban sa ba."

"Na ce miki ki sa hayaƙi?"

"Ba ka ce kada in sa ba."

Ban taɓa mayar masa da magana haka ba, ni ma sai da na tsorata. Can ya ce kada in faɗa wa kowa. Shi ya ba ni wankin, laifinsa ne, kuma gara a kore shi da ya tsayar da matarsa gaban maza ana yi mata tsawa.

Na ce, "Ran Litinin zan bi ka."

Ran Litinin na sa hijabi, na naɗe tawul ɗin da kwalbar a leda, na bi bayansa. Mota biyu muka shiga, bai dube ni ba, amma a kowace sai da ya tsaya na fara hawa.

Tun daga ƙofar makarantar nake jin haushin karnuka. Malaman uku na zaune a wata rumfa, takardar na kan teburi an riga an buga ta. Mista Mensah dogo ne, hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Na gaishe su da Turancina, na ce ni ce na ɓata karen. Na yi bayani har ƙarshe.

Madam Akosua ta miƙo hannu. 'Yar gajeruwa ce mai furfura, ba ta sa ko man shafawa mai ƙamshi. Ta ɗauki tawul ɗaya, ta kai hanci, ta rufe ido.

"Itace ne da aka jiƙa da mai. Akwai sukari da ya ƙone. Akwai wani abu kamar ƙaro." Ta buɗe ido. "Sau nawa a sati?"

"Sau biyu, Madam."

Ta ajiye ta dubi Mista Mensah. "Wannan ya fi samfurina ƙarfi sau da yawa. Ni ma in ni ce karen, shi zan bi."

Mista Mensah ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Madam, kin san aikina na da? Inda kare ya ce in taka, nan nake takawa. Mutane na bayana suna taka sawuna. Karen da ya wuce abin da aka binne, ba jarrabawa ya faɗi ba, mutum ya kashe." Ya nuna tawul ɗin da hannun nan nasa. "Na ba mijinki kare ya nemo bam. Kin koya masa neman amarya."

Baba Seidu ya fashe da dariya, ya toshe baki. Ni kuwa hawaye ya ɓalle min. Baban Hafsa ya matso ya tsaya tsakanina da teburin.

Madam Akosua ta ce, "Takardar umarnin da muke ba ɗalibai ta ce ban da sabulu, ban da turaren fesawa. Ni na rubuta ta, ban rubuta hayaƙi ba. Kuma ni ya kamata in tuna. Na sha mayar wa manomi da buhunsa saboda matarsa ta shanya koko kusa da murhu don kada ruwan sama ya taɓa shi. Taimako take yi."

Baba Seidu ya juyo gare ni da Hausarsa ta arewacin Gana. "'Yata, share hawaye. Karen bai yi ha'inci ba, mijinki bai yi ba. Abin da aka koya masa ya riƙe, kuma ya riƙe da kyau." Ya koma Turanci ya ce wa Mista Mensah karen da ya kama darasi haka zai iya sakinsa, in aka ba shi lokaci.

Mista Mensah ya daɗe yana buga biro a kan takardar.

"Sati huɗu. Sabbin tawul, a nan za a wanke su. Turaren nan a sa shi ko'ina, ya shinshina kada a ba shi komai, har ya gane ba shi da lada." Ya dube ni. "Ranar gwaji ke za ki zauna a layi, da kayanki masu hayaƙi. In ya zauna a gabanki, ku biyun ku kama hanya. Takardar tana nan, ban yaga ba."

Na miƙa wa Madam Akosua kwalbar gaba ɗaya.

Sati huɗun nan su ne mafi tsawo a tafiyar. Ɗakin ya koma warin kwata da kifi. Baban Hafsa ba ya yi min faɗa, amma maganarsa ba ta wuce ya ci abinci, ya sha magani, ya fita. In na tambayi Roki sai ya ce, "Yau ya zauna sau biyu," ko "Yau sau ɗaya." Hajiya Memuna ta lura na rame, ta riƙa aiko min da tuwo, tana cewa, "Ka ci, kare ba zai kashe aure ba." Innata ta kira tana tambayar ko turaren ya ƙare ta aiko da wani, na ce da saura.

Ranar gwajin Madam Akosua da kanta ta turara hijabina a bayan ofis, da turaren Innata, har sai da na yi tari. Mutum goma aka jera a kan benci a fili, kowa da jaka a gabansa. Ni ce ta shida. Ban san inda samfurin yake ba, Baban Hafsa ma bai sani ba.

"Kada ki motsa, kada ki kalli idonsa, kada ki yi magana," in ji ta. "Ko ya taɓa ki."

Ni da in na hango kare a lungu nake canza hanya.

Suka fito. Roki baƙi ne mai jan ƙirji, ya fi duk karen da na taɓa gani girma. Baban Hafsa ya saki igiyar ta yi sako-sako, don in ya ja ko kaɗan an kore shi. Na farko, na biyu, karen na wucewa da sauri, ina jin numfashinsa fuk-fuk-fuk. Na huɗu. Na biyar. Na kafa ido a kan wani dutse ina salati a zuci.

Sai na ji hancinsa mai sanyi a kan ƙafata. Ya bi jakar, ya dawo kan hijabin, ya cusa kai cikin ninkin da ke cinyata. Zafin numfashinsa ya ratsa har fatata. Bai wuce ba. Wutsiyarsa ta fara kaɗawa. Ta gefen ido na ga ƙafafunsa na baya sun soma lanƙwashewa, na ga hannun Baban Hafsa a kan igiyar, jijiyoyin sun tashi, amma bai ja ba. Na daina numfashi. Na ce ya Allah, ba don ni ba.

Roki ya ɗago kai ya dubi Baban Hafsa. Baban Hafsa ya kalli sama, fuskarsa ba komai. Karen ya yi atishawa a kan hijabina, ya miƙe ƙafafunsa, ya wuce.

Na bakwai. Na takwas. A gaban na tara, wani mai gadin makarantar da ke riƙe da tsohuwar jakar makaranta, ya tsaya cak, ya zauna.

"Daidai," in ji Mista Mensah. Ya ɗauki takardar nan daga cikin fayil, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. "Saura wata biyu. Gobe ƙarfe bakwai."

Sauran mutanen suka tashi, ni ƙafata ta ƙi. Ina zaune ina kallon Baban Hafsa ya jefa wa Roki tawul, suna ja-in-ja a cikin ƙura, yana yi masa kirari irin na mafarautan Doguwa, yana dariya da dukan bakinsa. Shekara tara da aurenmu, ban taɓa ganinsa a bakin aikinsa ba sai ranar.

Da ya mayar da karen, ya zo ya tsuguna a gabana, a gaban malamansa da kowa.

"Hajara," ya ce. Rabon da ya kira sunana tun kafin a haifi Hafsa. "Kin ji tsoro?"

"Na ji."

"Ni ma."

Ya zauna a ƙasa kusa da bencin, muka jira har ƙafata ta dawo.